Ƙorafin Abarshi Kan Hukuncin Harbe Karyarsa Barsu

Zuwa ga Mai Girma Di'o,
Birnin Gwari, Lardin Zazzau.

Daga Abarshi maharbi, mutumin Kakangi, mai kula da karnukan barikin soja na bakin daji.

Talata, 14 ga Satumba, 1943.

Game da: Umarnin Saje Maliki na harbe karnukan bariki ranar Juma'a mai zuwa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ni Malam Jaji, mai rubuta wasiƙu a kasuwa, na rubuta wannan da yawun Abarshi.

1. A watan Afrilu aka ɗauke shi ya kula da karnuka huɗu na Turawa masu gadin ma'ajiyar harsashi. Ya zo da karyarsa ta farauta, Barsu, wadda ya rena tun idonta bai buɗe ba. Shekara bakwai suna shiga daji tare.

2. Ya kafa turakun karnukan a kan tudu, inda iska ke kaɗawa, yana yi musu hayaƙi safe da yamma. Duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙasar nan ya san ƙudan tsando a kurmin bakin rafi yake kwana, kuma cizonsa ke sa wa dabbobi ciwon sammore. Ko Bappa, Bafulatanin da ke kawo nono bariki, ba ya bi da ɗan maraƙi ta wajen.

3. Ranar 7 ga Yuni Saje Maliki, mai igiya uku a hannu, ya ba da umarni a mayar da karnukan cikin kurmi, wai 'yan ƙasar sanyi ne, inuwa suke so. Gaskiyar magana, haushinsu ke hana shi barcin rana. Abarshi ya gargaɗe shi sau uku, ladansa shi ne tsayuwa a rana da bulo a ka. Barsu kaɗai aka bari a tudu, don a ganin Saje karyar ƙauye ba ta isa shiga inuwar Gwamnati ba. Madalla da wannan raini.

4. Yanzu karnuka biyu sun mutu, biyu sun rame, fuska ta kumbura, ido ya yi fari. Sai ga Saje ya zama likita rana tsaka. Ranar 11 ga wata ya shelanta haukan kare ne, Barsu ce ta kawo shi daga ƙauye, a harbe su duka. Ranka ya daɗe, mahaukacin kare gudun ruwa yake, yana dalala, yana kai cizo. Waɗannan bayin Allah kuwa ruwa suke sha kamar raƙuma, ko ƙuda ba sa iya kora. Mutumin da bai san bambancin wannan da wancan ba, kaza ma bai kamata a ba shi kiwo ba. Laifin kurmi yake son binnewa tare da karyar talaka.

5. Abarshi bai yi kuka ba ranar da ɓauna ta karya masa haƙarƙari. Yau, da bakin azuminsa, ya yi a gabana, har sai da na ajiye alƙalami.

Saboda haka yana roƙo a dakatar da umarnin, a aiko likitan dabbobi kafin Juma'a ya ɗebi jininsu ya duba, a kuma mayar da biyun nan kan tudu. In an sami hauka a jikin Barsu, shi da hannunsa zai harbe ta, ba sai an wahalar da Saje ba.

A ƙarshe, yana tunatar da Mai Girma cikin ladabi cewa wata uku ke nan Barsu ce kaɗai ke gadin harsashin Gwamnati. In an harbe ta ranar Juma'a, to daga Asabar sai Saje Maliki ya hau tudu ya yi haushin da kansa.

Allah ya ja zamaninka.

Bawanka mai biyayya,
Abarshi maharbi (ya dangwala yatsa)
Da hannun Malam Jaji