Ramuka Biyu a Bangon Ɗakina

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ke duba sababbin ƙa'idojin saka wayoyin wuta a gidaje,
Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, wushe, sannu da aiki. Ina gaishe ka da iyalinka da sauran 'yan kwamiti, har da wanda zai yi gyangyaɗi kafin a gama karanta wannan takarda. Sunana Hajiya Kaltum, amma a Moduganari kowa Kaka yake ce min. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Ban san shekarunka ba. In kai sa'an 'ya'yana ne, ka saurara da ladabi. In kuma sa'an jikokina ne, to kai ma ka shiga layin mazajena, sai ka haƙura da tsiyata yadda sauran suke haƙuri.

Ƙarar da na kawo ita ce, dokarku da ba ku gama rubutawa ba ta huda min bango wuri biyu, ga bikin jikata Yagana yana tafe bayan Babbar Sallah.

Na ɗaya, yadda abin ya faru. Tun da ruwa ya shiga gidajenmu, wayoyin ɗakina suka lalace. Ina da masu aikin wuta biyu a dangi. Akwai Modu, ƙanin marigayi mijina, wanda ya tsufa a sana'ar amma har yau yana shafa baƙi a gemu. Akwai jikana Babagana, wanda ya koya a hannun Modu, yanzu ya buɗe shagonsa a Mairi, yana tafiya da abin gwajin wuta a aljihun gaba kamar likita. Na ce su gyara ɗakin, domin a nan za a ajiye amarya a yi mata gyaran jiki na dilka da turare. Sai labari ya iso musu cewa kuna shawarar a ɗaga kowane soket daga ƙasa zuwa daidai ƙirjin mutum. Da safe Modu ya zo da guduma ya fasa rami a sama. Da la'asar Babagana ya zo ya fasa nasa a ƙasa, inda tsohon soket yake. Kowa ya rantse ba zai ja waya ba sai an toshe ramin ɗan'uwansa. Haka na zauna da ramuka biyu, ba wuta, ƙadangare ne kawai ya samu gidan haya.

Na biyu, abin da masu sana'ar suke faɗa. Na san ra'ayinsu fiye da ku, domin a gindin darbejiyar ƙofar gidana suke taruwa, shayina suke sha, ni kuwa kunnena bai tsufa ba. Mutanen Modu suna goyon bayanku. Sun ce da hannunsu suka ciro soket cike da laka, sun ga wanda wuta ta ja yana tsaye cikin ruwa, kuma yaro mai rarrafe ba abin da yake so kamar cusa ƙusa a rami. Mutanen Babagana sun ce in kuka ɗaga soket, gobe kowa zai sayo doguwar wayar ƙari mai araha ya shimfiɗa ta ƙarƙashin darduma, kuma ɗakunan da aka kira su bayan gobara, yawanci ita ce ta jawo. A kan na'urar nan da ke ɗauke wuta da kanta idan abu ya taɓu, da wayar da ake binnewa a ƙasa, duk bakinsu ɗaya, suna so. Kukansu kawai, jabu ya cika kasuwa. Abin da ya ba ni haushi shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya, na rasa wanda zan zaga.

Na uku, kuma nan ne ciwona. Duk cikinku, ku da su, babu wanda ya tambayi mace. Ranka ya daɗe, mu a ƙasa muke rayuwa. A tabarma nake cin abinci, a nan nake jin rediyo, a nan nake tsinke zogale. Kaskon turare kuwa a ƙasa yake zama, a kifa masa kabbasa, wato kwandon da ake baza tufafi a kai, ko mace ta lulluɓe da lafaya ta zauna hayaƙin ya ratsa ta. Ka tambayi uwargidanka. Kaskona na lantarki ne, wayarsa ba ta fi kamu biyu ba. Kada ka ce in koma gawayi, likita ya hana ni shi a ɗaki saboda ƙirjina. Zancen hayaƙin turare bai tambaye ni ba, ni ma ban tayar masa ba. Amaryar Barno ta shiga gidan miji ba ƙamshi? Dangin ango har jikokinsu sai sun ba da labari, kuma sunana za a kira, ba naka ba.

Na huɗu, abin da na yi. Ranar Juma'a bayan masallaci na dafa burabusko da miyar yakuwa, na kira su biyun ɗakina. Da suka wanke hannu sai na ja tiren gefe. Na yafa wa Modu lafaya, na miƙa masa kasko, na ce yau shi ne amarya, ya nuna min yadda za a yi. Ya kai kan wayar ramin sama, kasko ya tashi daga ƙasa yana lilo daidai gwiwarsa. Ya tsaya rungume da shi, gemu ya leƙo ta cikin lafaya, Yagana ta yi dariya har ta sarƙe. Babagana ya fi kowa ƙyaƙyatawa, sai na ɗauki buta na tuttula ruwa a gindin bango har ya shiga raminsa, na ce ango ya sa yatsa mu gani. Dariya ta koma ciki. Na shaida musu tiren ba zai dawo ba sai bangona ya samu magana ɗaya.

Yunwa ta fi kwamiti sauri. Kafin miya ta huce sun shirya: ramin Babagana ya samu soket mai murfi, ramin Modu ya samu makunnin da ke kashe shi daga sama, inda ruwa da yaro ba sa kaiwa, aka haɗa da na'urar ɗauke wutar. Washegari suka ja waya tare, suna gardamar wanda ya fara kawo dabarar. Yau kaskona yana ci, maƙwabta suna tsayawa a zaure suna shaƙa kyauta, ƙadangare ya tashi.

To me ya rage? Modu ya ce ranar da kuka sa hannu a dokar yadda take, shi da kansa zai zo da siminti ya toshe na ƙasa, ba zai bari a ce aikinsa ya saɓa ƙa'ida ba. Na san shi, zai aikata, ko da amarya tana zaune a kan kaskon.

Saboda haka ga roƙona. Ku ɗaga soket, ban hana ba, amma ku rubuta cewa an yarda da guda a ƙasa in yana da murfi da makunninsa a sama. Ku saurari masu sana'ar duka ɓangarorin biyu, ku kuma sa ido a kan jabun kaya. Sannan ku sa mace a kwamitin, wadda ta san zaman tabarma.

Ina gayyatarka wushe-wushen Yagana, wato shagalin daren bikinta, kai da uwargida. Ka zo da abin awonka ka duba aikin, ba zan hana ka ba. Sharaɗina ɗaya ne, sai ka zauna a tabarma kafin ka auna. In ka ƙi, lafayar da Modu ya yafa tana nan a ninke, kuma na ga alamar za ta yi maka daidai.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare gidanka da namu daga gobara da ambaliya, Ya sa ka aurar da jikokinka cikin ƙamshi. Wassalamu alaikum, na ajiye biro haka, turarena zai ƙone.

Taka,
Hajiya Kaltum (Kaka),
Moduganari.