Inna Ta Sha Shayi

Zuwa ga ƙanena Shozo, a São Paulo,

Bayan gaisuwa irin wadda tarbiyyar gidanmu ta ɗora mini, ko da zuciyata ba ta so, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Harue da yara. Kullum da safe in na ajiye shinkafa da ruwa a gaban allunan sunayen kakanninmu nakan roƙa muku lafiya da tsawon rai, yau ma na roƙa, don ba a fasa ibada saboda fushi. Mu nan lafiya lau. Maigidana Genji ya gama dashen shinkafa, baya na damunsa amma ba ya son a faɗa. 'Yarmu Sayo ta samu aikin jinya a Matsumoto. Inna kuwa ta cika tamanin da uku a watan jiya, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, amma hankalinta garau yake, kuma da ma a ce bai kai haka ba a ranar da zan ba ka labari.

Bari in tuna maka, tunda kai gwanin mantuwa ne in mantuwar za ta yi maka daɗi. Shekara goma sha biyu ke nan da ka faɗo daga rufin gida kana kwashe ƙanƙara, likitoci suka ce da wuya ka sake takawa. A cikin wannan sanyi Inna ta hau dutse zuwa ɗakin bautar bakin tafki, ta yi wa Mai Tafki bakance: shayi ba zai sake shiga bakinta ba sai ranar da ta hau matakalan nan tare da kai, kana tafiya da ƙafarka, ku yi godiya. Matar da aka haifa a gidan manoman shayi, wadda ba ta iya cewa ina kwana sai ta kurɓa! Ka warke, ka samu aiki, daga asibiti sai jirgi, ka ce mata baɗi. Baɗin nan naka ya yi 'ya'ya har da jikoki. Shekara goma sha biyu tana shan ruwan zafi zalla, a biki da zaman makoki, in an miƙo mata shayi ta juya kofin ta ce alkawari kaya ne. Ni da nake dafa mata ruwan na san sau nawa na ga tana shinshina gwangwanin ganyen a ɓoye tana mayarwa.

To, ranar Lahadin da ta wuce muka kai ta ziyarar da take yi kowace shekara in ƙanƙara ta narke. Tafkin ya cika, jar ƙofar nan ta wurin bautar tana tsaye cikin ruwa, hazo bai gama tashi daga kan itatuwa ba. Ta wanke hannu da baki, ta hau matakala arba'in da sandarta, sauran Genji ya goya ta, da bayan nasa mai ciwo, tana ta ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifi. A sama ta ja igiyar ƙararrawa, ta rusuna, ta tafa, ta daɗe tana motsa baki. Ba sai na gaya maka sunan wa take kira ba.

Da muka sauko muka zauna a rumfar Iya Tome mai gasa ƙwallon shinkafa, wadda ta san mu tun muna zubar da majina. Ita kan kawo wa Inna ruwan zafinta ba tare da an tambaya ba. Ran nan sai ga ta da fara'a har kunne, ɗauke da butar baƙi da kofi mai zanen zinariya, ta dire a gaban Inna, ta ce barka da sauke nauyi, yau kam sai ta ga tsohuwar nan mai taurin kai ta sha. Na ce mata wane nauyi kuma, ko tsufa ya fara taɓa ta ne? Ta ce tsufa dai ya taɓa ni, ba a kakar bara Shozo ya zo ba, lokacin da ganye ya yi ja, shi da matarsa da surukansa, mota guda? Ta ce ta gane ka tun daga nesa duk da tumbin da ka ajiye, ta kira ka da Ɗan Kunne kamar da, ka amsa kana dariya, ka ci tsinke uku na gasasshiyar shinkafarta, kuka tsaya gaban jar ƙofa kuna ɗaukar hoto. Da ta tambaye ka ina Inna, ka ce tana gida tana hutawa, gobe za ka kawo ta.

Shozo, daga rumfar nan zuwa ƙofar gidanmu tafiyar awa ɗaya da rabi ce a motar haya. Ka tsallako rabin duniya, ka kai surukanka kallon ganye, ka kasa ƙarasa awa ɗaya da rabi. Tir da wannan hali! A watan da ka zo ɗin ne ma ka bugo waya kana cewa aiki ya riƙe ka, Inna tana ce maka ka riƙa rufe wuya saboda sanyi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa zaton naka zai ƙure a kan tsohuwa a gaban mutane ba. Genji ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na buɗe baki zan faɗi abin da zai sa a daina gaishe mu a dutsen nan, Inna ta dafa mini gwiwa.

Tambaya ɗaya ta yi wa Iya Tome: da ka hau matakalan, kana ɗingishi? Iya Tome, da ta fara gane ta yi ɓarna, ta ce ina, bibbiyu kake tsallake su kamar ɗan akuya. Inna ta gyaɗa kai. Sai ta yi dariya ta ce af, ai ka gaya mata, ita ce ta manta, kan tsofaffi kwando ne. Ka ji? Kai ka tozarta ta, ita tana rufa maka asiri da bakinta. Daga nan ta juyo wajena ta ce a hankali, Mai Tafki ya cika nasa tun tuni, ƙafa ta roƙa kuma an ba da ƙafa, wancan "tare da ni" da ta ƙara kwaɗayinta ne kawai, bai kamata a riƙe abin bauta da shi ba. Ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta shanye tas. Ta ce ashe haka yake da ɗaci.

Na yi shekaru ina jiran ranar da zan ga Inna ta sha shayi. Na sayi ganyen garinsu na ɓoye, na ce ranar zan yi kuka don murna. Na yi kukan kuwa, a bayan rumfa, na baƙin ciki, kuma ban yafe maka shi ba. A mota, bayan mun sauko daga dutsen, ta ce in rubuta maka cewa bakance ya sauka, kada ka wahalar da kanka da doguwar tafiya saboda ita. Ga shi na rubuta yadda ta faɗa. Nawa kuma shi ne, kada ka bugo mini waya da bayani, kada Harue ta aiko da kwalin kyauta, zan mayar. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa har yanzu na kira ka ƙanena a saman takardar nan, amma ka sani da ƙyar alƙalamin ya rubuta.

Genji yana gaishe ku, shi mutum ne mai kara. Sayo tana gaida 'yan'uwanta. Ɗazu na zauna kusa da Inna da takardar a cinyata, na ce wa za a gaisar mata. Ta ce a gaida Harue, a gaida jikokinta Itsuki da Mio, a ce wa Mio ta ga zanen da ta aiko, a gaida surukanka da suka sha hanya, da fatan dutsenmu ya yi musu kyau. Na riƙe alƙalami ina jiran ta ambaci sunanka. Sai ta tambaye ni ko ruwan butar ya tafasa.

Yayarka,
Fumie