Ba Zan Ƙara Roƙon a Ɗage Shari'ar Malam Sanusi Ba

Zuwa ga maigidana, babban lauya kuma shugaban ofishin lauyoyin da nake aiki a Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya a duk garin da takardar nan ta same ka, don ni dai ban san ko kana Abuja ko Kaduna ba.

Yallaɓai, ni ce Rabi'atu, 'yar 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, ƙaramar lauyar da ka ɗauka aiki bara. Ban so fito da maganar nan fili ba. Na kira, an ce kana taro. Na bar saƙo wurin sakatare, shiru. Lokaci kuwa ya ƙure, shi ya sa na rubuto wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa inda na san za ka gani.

1. Ranar da na fara aiki ka ce mini ofishin nan na shari'o'in kasuwanci ne, wanda ya zauna a ciki zai goge. Don murna har kuka na yi wa Innata a waya. To, abin da na goge a kai zuwa yau magana ɗaya ce: Ya Mai Shari'a, babban lauya bai samu zuwa ba, muna roƙon a ɗage. Ƙa'idar ofishinmu ita ce ƙaramin lauya ba ya taɓa gundarin shari'a sai maigida na zaune. Maigida kuwa ba ya zama. Sai in sha baƙar riga da hular gashi, in miƙe, in faɗi abin da aka aiko ni, in zauna. Ma'aikatan kotu har sun laƙa mini suna, wai Barista Sai-Wata-Rana. Ina taya su dariya, amma wallahi abin yana ci mini rai.

2. Da ni kaɗai abin ya shafa, da na haɗiye. Amma akwai Malam Sanusi, mutumin Bungudu, wanda ya ɗauki ofishinmu ya tsaya masa. Babbar mota ɗaya gare shi, da ita yake jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Gusau. Wani kamfanin sayen waken soya ya kai shi ƙara, wai ruwa ya jiƙa musu kaya a hanya, kotu ta ce a tsare motar kafin a gama shari'a. Mun shigar da roƙon a sakar masa ita bisa lamuni, ya ci gaba da nema ana shari'ar. Roƙon nan ne har yau ba mu gabatar ba.

Ka taɓa ganin motar, Yallaɓai? Ni kullum sai na wuce ta a harabar kotu. Tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ƙarƙashinta, awaki sun mai da inuwarta wurin hutu. Kakar bara ta wuce tana tsaye. Mutumin da ke da motar kansa yanzu yana tashar mota yana jiran wani direba ya yi rashin lafiya a ba shi tuƙin yini. Duk ranar shari'a sai ya yi sammako daga Bungudu, da 'yar farar rigarsa ta Juma'a. In na fito ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Abin da yake cewa kawai shi ne, ɗiyata, yau ma dai? Da zagina yake yi, da ya fi mini sauƙi.

3. Ba na ce na kai ka sani ba, ina ni ina! Amma roƙon nan ni na rubuta shi, kai ka duba ka ce ya yi. Na karanta hukunce-hukuncen da suka yi kama da shi har na haddace. Na je Bungudu da ƙafata na ga dattawan da za su tsaya masa. Idan wannan bai isa a bar ni in yi magana ba, a gaya mini abin da ya rage in yi shi.

4. A zaman da ya wuce alƙali ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce wannan ce ɗagewa ta ƙarshe, in ranar Litinin ba mu shirya ba zai yi watsi da roƙon. Lauyan kamfani har da murmushi. Ga kaka ta sake kamawa, an fara yankan gero. In roƙon nan ya faɗi, motar za ta sake rasa wata kakar, kuma ban ga alamar za ta ƙara tashi ba.

Don haka ga roƙona. Ka zo ranar Litinin. In ka zo, ni zan riƙe maka jaka, in zauna bayanka da farin ciki. In zuwan bai yiwu ba, ka ba ni izini in gabatar. Sannan ka sake duba ƙa'idar nan, don ba ni kaɗai take daƙilewa ba, mu uku ne ƙanana a ofis, kowa da nasa Malam Sanusin.

In kuma Litinin ta yi ban ji daga gare ka ba, ina sanar da kai tun yanzu don kada a ce na yi a ɓoye: zan miƙe in gabatar da roƙon. Na san ƙa'idar ofis zan karya, na san zai iya zama ƙarshen aikina a wurinka, kuma ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Aikin nan shi ne na farko da na samu, kuma ina son sa. Amma in korar ce, a bari sai na fito daga kotu. Na riga na gaya wa Malam Sanusi ya zo da bakanike da batir.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya dawo da kai gida lafiya, ya sa ka karanta wannan da idon uba.

Wassalam, taka mai biyayya har zuwa Litinin da bayanta,
Rabi'atu, Tudun Wada, Gusau.