Harafin K da Askar Wanzami

Zuwa ga Yayata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, na zauna ne in ba ki labarin ɗiyarki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma tun muna yara ke nake kai wa ƙara, kuma har yau ban sami wadda zan kai wa ba bayanki.

Kulu ta shiga makaranta bana. Mijinki Bello da kansa ya kawo ta ajina kafin ya bi motar shanu zuwa Kudu, ya ce tunda innarta ce malamar 'yan shekara huɗu, hankalinsa ya kwanta. Ta yi tsawo, Yaya. Goshin nan naki ne sak, har da yadda kike tattara shi in abu bai yi miki ba.

Kin tuna kin tafi kin bar ta tana gwaranci, tana ce wa kaza "taza", kifi kuma "tifi", muna ta dariya? Sauran gwarancin duk ya wuce. Wannan ɗaya ya ƙi wucewa.

Da muka zo makon harafin K, na rubuta shi a allo, babba da ƙarami, na zana kaza da kifi da kujera a ƙarƙashinsa. Yara suka bi shi da yatsa a farantin yashi: sanda a tsaye, hannu sama, ƙafa ƙasa. Kulu ta riga kowa gane shi. Ko cikin wasu haruffa na ɓoye shi sai ta tsamo shi. Da na tambayi wanda sunansa ya fara da wannan sauti, ta miƙe da sauri, fuskarta cike da murna, ta buga ƙirji ta ce, "Ni! Tulu!"

Ajin ya fashe da dariya. Wani yaro ya riƙe ƙugu ya kumbura ciki. Na tsawata musu, suka yi shiru, amma kin san yara. Ana fita hutun tara sai ga su sun kewaye ta: "Tulu, ba mu ruwa! Tulu, kada ki hwashe!"

Daga ranar ɗiyarki ta rufe baki. In na kira suna sai ta ɗaga hannu kawai. In tana son ruwa sai ta nuna da yatsa. A gida ma haka, har maganar ta kai kunnen surukinki, Alhaji Ummaru.

Gwaggonta Ige ce ta kira ni ta gaya mini hukuncin da ya yanke. Wai linzami ne, ɗan zaren naman nan na ƙarƙashin harshe, shi ya ɗaure mata baki. An riga an gaya wa wanzamin gidan, ranar Asabar zai zo ya yanke.

Na tuna ranar sunanta, da aka zo cire mata belu kika rungume ta kika juya wa ɗakin baya, kina jego, ko tsayuwa ba ki iya yi sosai. Kika ce, "Ba mai sa aska bakin ɗiyata ina da rai." Kowa ya ji ki a ranar, aka ƙyale. To ga shi ba ki da ran, kuma ni ba ni da iko da ita. Ɗiyar gidansu ce.

Na tafi gidansu a Ƙofar Atiku bayan la'asar, na sami Alhaji a zaure ya dawo daga rumfar hatsi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce yarinyar nan tana iya fiddo harshenta har ta lashi leɓenta na sama, wanda yake da linzami ba ya iya haka. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Bai ɗaga murya ba, kin san shi. Cewa ya yi, "Malama, can makaranta ke ka koya musu boko, ban hana ki ba. Nan gidana na. Ubanta ma sai da anka yanke mishi, ga shi nan yana ciniki da bakinai."

Na kira Bello. Ina jin kukan shanu da hayaniyar dillalai a bayansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Dije, kin san Baba. Ban iya ja da shi." Ban ga laifinsa ba sosai. Na kashe wayar.

Kwanakin da suka rage, kullum in an tashi sai in tsare ta a aji mu biyu. Na kwantar da ita rigingine a tabarma domin harshen ya koma baya da kansa. Na ba ta ruwa ta ɗaga kai tana kurkure maƙogwaro. Na ɗora hannunta a wuyana ina cewa k, k, k, ta ji inda abin ke motsi. Na wanke ƙaramin cokali na danne mata kan harshe a hankali. Sau ɗaya wani sauti ya fito kamar tari, na yi tsalle, na ce ta sake. Ta dube ni, idanunta suka cika, ta kawar da kai. Ina jin tsoron da ke cikina ta gani. Yaro ba ya koyon komai a hannun mai firgici, na sani, ni nake gaya wa iyaye haka, amma na kasa ɓoye nawa.

Ranar Asabar da hantsi na isa gidan ba wanda ya gayyace ni. Na tarar an shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida. Wanzami ya buɗe zabirarsa yana goge aska. Gwaggo Ige ta zaunar da Kulu tsakanin ƙafafunta ta riƙe mata hannuwa. Yarinyar ba ta kuka. Ni kawai take kallo.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, wataƙila naki ne kika bar mini. Na durƙusa gaban Alhaji na ce, "Baba, alfarma guda kafin a fara. Ka danne kan harshenka da yatsa, ka ce 'ta'."

Gwaggo Ige ta ce, "Ke Dije, kin san da wa kike magana?" Na sani ƙwarai. Ina kallon ƙasa, ina jiran ya ce in fita kada in ƙara tako masa gida. Da ya faɗi haka, da ke nan na rasa Kulu har a makaranta.

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya mayar da carbinsa hannun hagu, ya ɗaga yatsa, dattijo mai furfura a gaban 'ya'yansa da surukansa, ya danne harshensa. Ya gwada. Ta ɗin ta ƙi fita. Na ce, "Yanzu ka ce 'ka', Baba." Ya ce, "Ka." Tas ta fito. Ya sake shi kaɗai, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Na ce, "Daga can baya take fitowa, kusa da maƙogwaro. Abin da za a yanke kuwa a gaba yake. Ko an yanke, ba nan matsalar take ba."

Ya juya ga wanzami. Shi kuwa ya ce, "Alhaji, in ka ce a yanke, a yanke. In ka ce a bari, a bari." Aska tana hannunsa a buɗe.

Alhaji ya goge yatsansa a bakin riga ya ce, "Maida ta." Sannan ya dube ni. "Na bari har ubanta shi dawo. In ya dawo tana nan yadda take, ba ki ƙara sa min baki." Da na yi masa sallama bai amsa ba.

Tun daga nan muke ta yi, amma na daina tsare ta ita kaɗai. Duk ajin nake sa su kwanta rigingine su yi tarin tsohuwa, k, k, k, suna dariya, ita ma tana ciki ba wanda ke kallonta. Sautin ya fara zuwa a tsakiyar kalma, in cokali yana bakinta: aku, baki. Da an cire cokali sai ya gudu. Bello kuwa an ce ya kusa sayar da shanunsa.

Shekaranjiya na rako ta gida da ƙafa, tana riƙe da gefen hijabina, ba ta ce uffan ba tun daga makaranta. Mun kusa lungunsu sai ta ja ni ta tsaya. Ta ɗaga kai ta ce, "Inna, mi ake cewa kushewa? Gwaggo ta ce Umma na can ciki."

Yaya, babu cokali, babu tabarma, kuma ko ɗaya ba ta kuskure ba. Abin da na yi ta roƙon Allah in ji ke nan, ya zo mini a cikin wannan tambaya. Malamar da ke cikina ta so ta ce mata ta maimaita. Na kasa. Na tsuguna a gefen hanya, masu babur suna wucewa, na ce mata wurin hutawa ne, inda mutanen kirki ke kwanciya su jira 'ya'yansu su yi musu addu'a. Ta tattara goshi ta yi tunani, sannan ta ce in koya mata addu'ar. A nan tsugune na fara koya mata, tana bina kalma kalma.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Balki. Allah Ya yalwata makwancinki Ya haskaka shi, Ya isar miki da abin da ɗiyarki ke karantawa da ɗan bakinta. Ya raya ta, Ya sanyaya zuciyar kakanta, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ƙanwarki mai kewarki,
Dije