Ruwan Alwalar Baba

Barmu, daren Talata, tsakiyar damina

Na gaji, amma raina fari tas. Yau na shawo kan Baba.

Tun da lokotoro, wato likita, ya yi mana bayanin wata cuta a wurin aiki a Tawa nake tunanin Baba. Wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, cikin ruwan tabki mai ɗumi. Ba ta sha take kama mutum ba, ta hanci take bi har ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ba ne, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. Baba kuwa a tabkin bakin gona yake alwala, ya shaƙi ruwa har sai ya yi atishawa.

Da azahar na kai masa jarkar ruwan da na tafasa ya huce.

Ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake alwala a nan."

Na ce, "Baba, ban ce ka bar shaƙa ba. Ruwan kawai zan canja maka."

Sai ya miƙo buta.

Da magariba na ji yana ce wa Inna ta ɗora babbar tukunya ta tafasa ruwan alwala, wai su huɗu ne ke salla a gonar.