Giyar Tuffar da Ta Ƙi Tashi

Darwin, 3 ga Fabrairu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon gwiwar ya lafa. Na san shekara uku ke nan ba ka ɗaga wayata, tun da na matsa maka ka sayar da gonar tuffa. Ba wannan ya sa na rubuto ba.

Bana Mama za ta cika shekara biyar da rasuwa, shi ne na so in haɗa giyar tuffa irin tata. Na sayo ruwan tuffa na roba lita ashirin a kanti, na juye a jarka, na zuba yis, hodar da ke sa giya ta tashi. Yau kwana tara, ko kumfa babu. Na ƙara sukari, na lulluɓe jarkar da bargo a zafin garin nan, har mijina Col yana tambaya ko zazzaɓi take yi. Jiya na zauna gabanta na sha kuka. Ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Noelene

Huon, 14 ga Fabrairu

Noelene,

Takardarki ta iso. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. A gaida Col.

Juya robar ki karanta ƙananan rubutun baya. Za ki ga an sa maganin hana lalacewa. Shi ke hana yis aiki, ko da za ki shekara kina gadin jarka. 'Yar manomin tuffa da sayen ruwan roba! Da uwarki ta gani, da sai ta yi dariya har ta zauna. Akan tayar da yis mai yawa a gefe a juye shi a jarkar, wani lokaci a dace, amma ba zai yi kamar nata ba. Ita 'ya'yan bishiyar bayan kicin kaɗai take matsewa.

Sai wani jiƙon.
Mahaifinki, Merv

Darwin, 23 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaisuwa. Na duba, haka ne, na zubar. Ashe har da bishiyar Mama na sa ka sayar, ban ma sani ba. Ni hutu nake nema wa gwiwarka. Ka yafe mini.

Noelene

Huon, 4 ga Maris

'Yata,

Wa ya ce miki an sayar da ita? Ranar da mai awon fili ya zo, tsaye na yi a kansa sai da ya karkata shingen ya bar mini ita. Injin matse tuffar ne ba na iya juyawa ni kaɗai. Shekara uku 'ya'yan suna ruɓewa a ƙasa ina kallo.

Ƙarshen watan nan za su nuna. Ki wanke jarkar ki taho da ita.

Babanki