Naman Layyar Wana Da Umarnin Malamina

Ya Dattijon wannan fili, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, ka kuma amsa mini kafin Sallar Layya, don idan ta wuce amsar ba za ta amfane ni da komai ba. Kada ka buga sunana. Mu masu bi a nan Tawa ba mu da yawa, ran Lahadi tabarmi kaɗan ke ɗauke mu, ko ba suna ma na san wasu za su gane ni.

Ni tela ne, ina da kekena a bakin kasuwa, amma asalina mutumin Bambeye ne. Ina saurayi kurkunu ya kama ni a ƙafa biyu, aka kai ni asibitin mishan can kudu, a nan na haɗu da Malam Tanimu, mai wa'azin bishara. Mutumin nan da hannunsa ya riƙa wanke mini miki, lokacin da ni kaina ba na iya jure warin. Shi ya koya mini karatu, ta bakinsa na fara jin labarin Yesu, shi ya roƙi wani tela ya koya mini ɗinki, shi ya tsaya mini ranar da na auri matata Balkisu. Da aka aiko shi Tawa na biyo shi. Ni ke riƙe masa jaka, ni ke karanta Littafi Mai Tsarki a taron sujada ran Lahadi, a gaban kowa ɗana yake ce mini. Na faɗi wannan duka ne don kada ka ɗauka ni butulu ne.

Sai kuma wana, Ciɗo. Shi Musulmi ne, manomi, yana can Bambeye da 'yan tumakinsa. Da labarin baftismata ya kai gida, dangi suka taru a kan a yafe ni, wato a cire ni daga cikinsu. Kawunanmu suka ce kada wanda ya ƙara cin abinci akushi ɗaya da ni. Ciɗo ba mai yawan magana ba ne, an ce ranar ma tashi kawai ya yi ya bar musu wurin. Da Layya ta zo, ya yanka ragonsa, aka banƙare shi a itace aka kafa a bakin wuta yini guda yadda muke yi. Washegari, ranar rabo, ya yanki cinya guda ya naɗe, ya hau jakinsa ya ratsa ta tsakiyar gari kowa na gani, ya kawo mini har Tawa.

Dattijo, ka san al'adarmu. Ƙane ke zuwa gaida wa ranar Sallah, nama kuwa aikawa ake yi da shi. Babba ba ya ɗaukar nama da kansa ya kai wa na bayansa. Wana ya yi haka ne don Bambeye duka ta san bai yafe ni ba. Tun shekarar bai taɓa fashi ba, har shekarar da ruwa ya yi gardama ragon nasa ya rame kamar kare. Yakan zo ya zauna a inuwar zaurena, ya sha fura, ya ɗauki 'ya'yana a cinya, ya tambayi ciniki, la'asar ya koma. Bai taɓa ce mini in koma sallah ba, ko da wasa.

To ga abin da ya hana ni sakat. Tun bayan da ƙasa ta samu mulkin kai, Baturen mishan da ke zagayo mu ya rage zuwa, ragamar 'yar ikilisiyarmu duka ta koma hannun Malam Tanimu. Mun yi murna, namu ne. Amma a hankali abubuwa suka fara sakewa. Da can idan ya yi wa'azi yakan ce mu buɗe Littafi mu duba da idonmu, yanzu kuwa cewa yake Allah ya nuna masa. Watan jiya ya tsaya a gabanmu ya ce bana naman Layya ba zai shiga gidan mai bi ba. Duk wanda aka kawo wa, ya mayar a hannun wanda ya kawo, nan take a bakin ƙofa, don duniya ta san mu keɓaɓɓu ne. Sai ya juyo ya dube ni ya ce ni zan fara, tunda ni ne ɗan farinsa cikin bangaskiya, kuma shi da kansa zai zo ya zauna a ƙofar gidana ranar ya shaida.

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, Hamisu, mai aiki a gidan waya. Ya tashi cikin ladabi ya tambaya a ina aka rubuta haka, a nuna mana mu karanta. Sai Malam ya ce mai ja da bawan Allah da Allah yake ja, ya hana shi cin jibin Ubangiji da masu bi ke ci tare don tunawa da Yesu, ya ce kada kowa ya ƙara gaishe shi sai ya tuba. Kullum Hamisu ta gaban kekena yake bi zuwa aiki. Idan na hango shi sai in sunkuyar da kai in yi kamar zare ne ya tsinke. Shi kuwa bai fasa ce mini ina kwana ba, ni ke yin shiru. Wannan abu yana cina ƙwarai.

Balkisu ta ce ita ba za ta iya kallon idon Yaya Ciɗo ana miƙa masa namansa ba, ranar ƙuryar ɗaki za ta shige da yara. Ta ce kuma in tambayi kaina, Malam nake bi ko Yesu. Na yi mata faɗa, amma maganar ta zauna mini. Gaskiya ko addu'a na durƙusa yi, abin da ke fara zuwa mini shi ne me Malam zai ce. Na fi tsoron ɓacin ransa da komai.

Ba na so in zalunce shi a wannan takarda. Shi ma ya sha wuya. Da ya ba da gaskiya danginsa suka kore shi, suka ƙwace gonarsa, har yau ba wanda ke taka ƙofarsa daga garinsu, Sallah ko ba Sallah ba. Ya kuma ga masu bi da aka janye da daɗin baki da kyauta har suka koma. Wataƙila tsoron da yake ji mana ke nan. Wataƙila kuma ni ne mai raunin bangaskiya, ina fifita jini a kan Ubangiji.

Amma na san wana. Idan na mayar masa da naman nan a gaban Malam, ba zai yi faɗa ba. Zai karɓa, ya ɗaure a bayan jaki, ya ratsa ta tsakiyar Bambeye da shi kamar yadda ya fito, kawunanmu na zaune suna kallo. Daga ranar ba ni da wa. Idan kuma na karɓa, Malam zai tashi daga ƙofata, in zama kamar Hamisu. Raguna sun riga sun cika kasuwa, ina jin kukansu daga inda nake ɗinki. Yaya zan yi?

Ni ne naka,
Tela Mai Zullumi, Tawa.

AMSA

Ɗana Tela, na karanta takardarka, na ji nauyin da ke zuciyarka. Ba butulu ba ne kai. Butulu ba ya ɓata rabin takarda yana yabon wanda yake kuka da shi.

Bari in fara da Malaminka. Wanda ya wanke maka miki ya kuma buɗe maka ido da karatu, girmansa ya wajaba a kanka har ƙarshen rai. Tsoron da yake ji ma ba na banza ba ne, ni kaina na ga waɗanda aka janye ta hanyar biki da kyauta. Akwai kuma masu bi na kirki da lamirinsu bai ba su cin naman Layya ba, ba na ganin laifinsu. Da Ciɗo yana kawo namansa ne da sharaɗin ka bar Ubangijinka, da amsata ta zama dabam. Amma ka ce bai taɓa ba. Abin da ke zuwa maka a bayan jakin nan zumunci ne, mutum ne ke cewa a gaban garinsu kai ƙanensa ne har gobe.

Ni ba naman ne ya fi damuna a takardarka ba, Hamisu ne. Mutum ya roƙi a nuna masa inda aka rubuta, aka hana shi jibi aka hana shi gaisuwa. Duk shugaban da tambaya ta zama laifi a gabansa ya fara hawa kujerar da ba tasa ba, komai kirkinsa a baya. Da sunan Yesu aka yi maka baftisma, ba da sunan Malam Tanimu ba, na kuwa tabbata shi da bakinsa ya koya maka haka a farko. Matarka ta yi maka tambayar da ta dace, ka je ka ba ta haƙuri a kan faɗan da ka yi mata.

Gobe da safe, idan Hamisu ya biyo ta gaban kekenka, ka bar zaren nan da bai tsinke ba, ka ɗaga kai ka riga shi gaisuwa. Bayan haka ka ɗauki Littafinka, ai don haka aka koya maka karatu. Ka nemi wuraren da manzanni suka yi magana a kan abinci da zama da waɗanda ba masu bi ba, ka duba kuma da su wa Ubangijinmu ya zauna ya ci. Kada ka karɓi maganata ma sai ka gani da idonka, in ba haka ba ka sake malami ne kawai, ciwon yana nan.

Sa'an nan ka je wurin Malam tun Sallah ba ta zo ba. Ka je kai kaɗai, ba ran Lahadi ba, ba a gaban jama'a ba. Ka zauna ƙasa yadda ɗa ke zama, ka tuna masa alherinsa, ka gaya masa abin da ka karanta, ka ce masa a fili ba za ka mayar wa wanka da namansa ba, ka kuma roƙe shi ya sassauta wa Hamisu. Idan ya ƙi, kada ka tara masa mutane, kada ka yi da shi a kasuwa. Ku kai maganar gaban dattawan ikilisiyar da ta aiko shi, ai shi ma yana da na gaba da shi.

Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa ya karɓe jakarsa, ya ba wani karatun Lahadi, ya daina ce maka ɗana. Zai yi maka zafi. Amma ka lura da abin da ka rubuta da hannunka: ba wanda ke taka ƙofar Malam daga garinsu. Mutumin da danginsa suka yasar, ba abu ne mai sauƙi ba ya riƙa ganin wan wani yana zuwa da cinyar rago kowace shekara. Ba na cewa hassada ce, ina cewa tabo ne da bai warke ba. Ya taɓa jure warin mikinka, yanzu lokacinka ne ka jure nasa. Ko ya yi fushi, kada akushin tuwon Balkisu ya daina zuwa gidansa, kada ka daina gaishe shi, ku ne danginsa.

Ranar rabo kuwa, ko Malam ya zo ya zauna a ƙofarka ko bai zo ba, ka shimfiɗa tabarma biyu, a dama fura mai yawa. Idan ka hango jakin Ciɗo, kada ka jira ya iso. Ka tashi ka tare shi a hanya, ka kama masa akala ya sauka, ka karɓi namansa da hannu biyu. Wanka ya daɗe yana tsaya maka a gaban mutanen garinsa, bana kai ma ka tsaya masa a gaban naka.

Ubangiji ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Malaminka, ya bar ka da wanka. A gaida Balkisu da yara.

Dattijon Fili.